Tarihin Cire Rini Daga Zaren Roba

1.0 Gabatarwa

Babban abin alfaharin marini, ko a wace ƙasa yake, shi ne a ce rininsa ba ya zuba kuma ba ya koɗewa. A kan wannan ake yabonsa, a kansa kuma ake biyansa. Saboda haka idan aka duba abin da aka rubuta a kan tarihin rini, za a tarar kusan dukkansa labari ne na yadda aka yi ta ƙoƙarin sa launi ya kama tufa ya zauna. Ba kasafai ake waiwayar ɗaya ɓangaren ba, watau yadda ake fitar da launin bayan ya kama. Bahaushe ma da ya zo yin karin magana a kan ɓoye kamannin tufa sai ya ce, a rina, an saci zanen mahaukaciya. Ke nan hanyar da ya sani ta sauya launin zane ita ce a ɗora masa wani rinin a kan na farko.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wancan ɓangare da aka yi wa riƙon sakainar kashi, musamman dangane da zaren roba, wanda shi ne mafi yawan abin da mutanen duniya ke sawa a yau. Za a nuna cewa hanyar da masana suka bi suka cusa rini a cikin wannan zare tsakanin 1920 da 1960 ita ce ta ƙayyade hanyar da za a iya fitar da shi, kuma nasarar da suka samu ta hana rini zuba ita ce ta zama matsala ga masu son mayar da tsumma sabon zare a wannan ƙarni.

1.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin a shiga cikin bayani ya kamata a daidaita kalmomi uku. Da farko, zaren roba a nan yana nufin zaren da aka haɗa a masana'anta daga sinadaran da akasari ake samu a man fetur, kamar nailan da foliyesta da akirilik. Masana kimiyya suna kiran abin da ake yin su da shi folima, watau ƙwayoyin sinadari ƙanana da aka ƙulla ɗaya bayan ɗaya har suka zama doguwar sarƙa. Na biyu, sinadarin narkarwa shi ne duk wani abu mai ruwa-ruwa da ke narkar da wani abu a cikinsa, kamar yadda kananzir ke narkar da baƙin mai a hannun makaniki alhali ruwa ya kasa. Na uku, akwai bambanci tsakanin kashe launi da cire rini. Kashe launi shi ne a farfasa ƙwayar rinin a inda take har ta daina nuna launi, amma ɓurɓushinta yana nan a cikin zaren. Cire rini kuwa shi ne a janyo ƙwayar ɗungurungum zuwa waje. Wannan bambanci shi ne ƙashin bayan tarihin da za a kawo.

2.0 Kafin Zuwan Zaren Roba

A zamanin da auduga da ulu da alharini kaɗai ake saƙawa, kashe launi aka sani. A Turai akan jiƙa ƙyalle da ruwan toka da tsamin madara a shanya shi a fili na tsawon watanni, rana da raɓa su faranta shi. A 1774 Carl Wilhelm Scheele, mutumin Suwidin, ya gano iskar kulorin, a 1785 kuma Claude Berthollet na Faransa ya nuna cewa tana faranta ƙyalle. Daga nan Charles Tennant na Gilasgo ya fito da garin bilic a 1799, aikin watanni ya koma na kwanaki.

Kulorin yana kashe launi ne ta hanyar ƙona ƙwayar rini a sinadarance, amma yana lalata ulu da alharini. Sai aka nemi wata hanya. A 1869 Paul Schützenberger ya haɗa sinadarin da aka sani da haidurosalfait, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a matsayin gari a farkon ƙarni na 20. Wannan sinadari aiki biyu yake yi. Shi ne ke narkar da shuni don ya shiga auduga, aikin da tsimuwar baba da toka ke yi a karofi cikin kwanaki. Shi ne kuma ke tsinka ƙwayar yawancin galurar da aka ƙago bayan William Perkin ya haɗa galura ta farko a Landan a 1856. Saboda haka tun daga farko abin da ake rini da shi ne ake kashe rini da shi.

Waɗanda suka fi bukatar wannan aiki su ne masu sarrafa tsumma. Tun wajen 1813 Benjamin Law ya fara yagalgala tsofaffin rigunan ulu a garin Batley na Ingila yana sake kaɗa su. Sana'ar ta bunƙasa har ta kai garin Prato na Italiya, inda aka shahara da ware tsumma launi-launi da hannu, ja da ja, shuɗi da shuɗi, don kada a sha wahalar sake rini. Inda warewa ba ta wadatar ba sai a dafa tsumman da haidurosalfait ko danginsa, launin ya dushe, a ɗora wani. Abin da ya sauƙaƙa wannan aiki shi ne ulu da auduga suna shan ruwa su kumbura, duk abin da aka narkar a ruwa yana iya kutsawa cikinsu ya tarar da rinin.

3.0 Zaren Da Ya Ƙi Rini

Matsala ta fara ne da zaren asitet. Shi wannan zare ba na roba ba ne zalla, domin daga itace da auduga ake samun tushensa, amma an sauya shi a sinadarance har ya rage shan ruwa ƙwarai. Wasu 'yan'uwa biyu mutanen Suwizalan, Camille da Henri Dreyfus, sun kafa masana'anta a Spondon kusa da Derby a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, suna yin asitet don shafa wa fukafukan jiragen sama. Da yaƙi ya ƙare kasuwa ta mutu, sai suka koma yin zare da shi, suka fito da shi a 1921 da sunan Celanese. Zaren ya yi sheƙi kamar alharini, amma galurar da aka saba da ita ta ƙi kama shi.

A tsakanin 1923 da 1924 masanan kamfanin British Celanese da na British Dyestuffs Corporation suka gano mafita. Suka ɗauki rinin da ba ya narkewa a ruwa sai ɗan kaɗan, suka niƙa shi ya yi laushi ƙwarai, suka warwatsa shi a ruwa da taimakon wani abu mai kama da sabulu. Ɗan abin da ya narke sai ya bar ruwan ya shige cikin zaren, domin ya fi jituwa da zaren a kan ruwa, wani kuma ya narke ya maye gurbinsa, haka har rinin ya ƙare. Wannan shi ne abin da za mu kira warwatsattsen rini. Abin lura shi ne ba ya ƙulla wata alaƙa mai ƙarfi da zaren. Narkewa yake yi a cikinsa, kamar yadda manja ke narkewa a cikin kitse.

Bayan haka sai zaren roba na ainihi ya bayyana. Wallace Carothers da abokan aikinsa a kamfanin DuPont na Amurka sun haɗa nailan a 1935, aka fara sayar da safar mata ta nailan a duk faɗin ƙasar a watan Mayu na 1940. A 1941 John Rex Whinfield da James Tennant Dickson, ma'aikatan Calico Printers' Association a Lankasha, suka haɗa foliyesta. Kamfanin ICI ya fito da shi da sunan Terylene, DuPont kuma da sunan Dacron, ya buɗe masana'antarsa a Kinston a 1953. Kamfanonin Teijin da Toyo Rayon na Japan sun sayi izinin yin sa, suka sa masa suna Tetoron a ƙarshen shekarun 1950. Akirilik ya shiga kasuwa a 1950 da sunan Orlon.

Nailan bai ba da wahala sosai ba, domin yana da guraben da rinin ulu ke iya kamawa. Foliyesta kuwa ya gagara. Sarƙoƙinsa a jere suke a matse, danshin da yake sha bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. A yanayin zafin ɗaki sarƙoƙin a sandare suke kamar gilashi. Sai zafi ya wuce wajen digiri 70 a ma'aunin Salsiyos sannan suke fara motsi, 'yan kafofi suna buɗewa suna rufewa a tsakaninsu. Ko a tafasasshen ruwa shigar rinin takan yi jinkiri ƙwarai.

Hanyoyi uku aka bi aka shawo kan wannan. Ta farko ita ce a zuba wa ruwan rini wani sinadari da ake kira ɗan dako, irin su taraikulorobenzin da baifenil, wanda ke shiga zaren ya sassauta sarƙoƙin. Ta biyu ita ce a yi rinin a rufaffiyar tukunya mai matsi, inda ruwa ke kai digiri 130 bai tafasa ba. Ta uku, wadda DuPont ya fito da ita a 1949 da sunan Thermosol, ita ce a shafa rinin a ƙyalle a busar, sannan a wuce da shi cikin zafin wajen digiri 200 na kimanin minti ɗaya. A duk hanyoyin uku, da zarar ƙyallen ya huce sarƙoƙin sun koma sun sandare, rinin ya kulle a ciki. Wannan shi ya sa rigar foliyesta take tsufa ta yage launinta yana nan daram.

4.0 Gyaran Kuskure a Masana'anta

Waɗanda suka fara neman fitar da rini daga foliyesta su ne marinan masana'anta da kansu. Idan dubban yadi suka fito da dabbare-dabbare, ko launin ya saɓa wa samfurin da mai kaya ya bayar, hasarar tana da yawa, dole a nemi gyara. Nan take suka tarar dabarun da aka gada ba sa aiki. Bilic da haidurosalfait a ruwa suke narkewa, ruwa kuwa ba ya shiga foliyesta. Abin da suke iya yi bai wuce wanke rinin da ya maƙale a bayan zaren ba. Wannan gazawa ma ta zama abin amfani: har yanzu bayan an rina foliyesta akan wanke shi da haidurosalfait da kostik soda a zafin digiri 70 zuwa 80, don a share rarar rinin da ke waje ba tare da an taɓa na ciki ba.

Don a kai ga na ciki sai aka koma ga karin maganar nan, ta inda aka hau ta nan ake sauka. Akan mayar da ƙyallen cikin tukunya mai matsi, a kai shi digiri 130, a zuba ɗan dako mai yawa, sarƙoƙi su sake buɗewa, rinin ya fara fitowa zuwa ruwa. Idan rage launi kawai ake so sai a tsaya a nan. Idan ana son a kashe shi sai a haɗa da haidurosalfait ko sodiyam kulorait, don duk ƙwayar da ta leƙo waje a farfasa ta kafin ta koma.

Wannan hanya tana da aibi uku. Na farko, rinin da ke cikin dangin azo yana tsinkewa, amma na dangin antarakwinon sau da yawa launinsa yakan dawo idan ya sha iska, kamar yadda zane ke fitowa daga karofi kore-kore sannan ya rikiɗe shuɗi a idon marini. Na biyu, kostik soda mai zafi yana cin jikin foliyesta, kulorin kuma yana raunana nailan ya mayar da shi rawaya, sai gyaran ya zama na gangar Auzinawa. Na uku, ba a cika samun fari tas ba. Saboda haka mafi yawan lokaci abin da masana'anta ke yi da ƙyallen da ya ɓaci shi ne ta rage launinsa ta rina shi baƙi, dabarar da ba ta da bambanci da ta ɓarawon zanen mahaukaciya.

5.0 Zuwan Sinadaran Narkarwa

Tun a tsakiyar ƙarni na 19 ake wanke tufafi a Faris da sinadaran narkarwa maimakon ruwa, sana'ar da ta zama wankin bushe. Daga shekarun 1930 sinadarin fakuloro'etilin ya fara mamaye sana'ar, domin ba ya kama wuta. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, lokacin da tsadar ruwa da dokokin gurɓata koguna suka fara damun masaƙun Turai, kamfanonin rini sun kashe kuɗi masu yawa wajen gwada rina foliyesta a cikin wannan sinadari. Gwajin bai yi nasara a kasuwa ba, babban dalili kuwa shi ne rinin ya fi son zama a cikin sinadarin a kan shiga zaren, sai mafi yawansa ya rage a tukunya. Abin da ya zama cikas ga mai rini shi ne ainihin abin da mai cire rini ke nema: ruwan da ƙwayar rini za ta fifita a kan zare.

Daga wannan ake gane sharuɗɗa uku da sinadarin cire rini zai cika. Dole ya iya kutsawa cikin zaren ya kumbura shi, dole ya narkar da rinin sosai, kuma dole ya bar zaren kansa bai narke ba. Sharaɗi na uku shi ne mai wuya, domin kowane zare da abin da ke narkar da shi. Asiton, wanda mata ke goge jan farce da shi, yana narkar da asitet. Asid ɗin fomik yana narkar da nailan. Daimetilfomamaid, wanda ake taƙaitawa DMF, yana narkar da akirilik, har ma da shi ake kaɗa zaren a masana'anta, amma foliyesta kumbura shi kawai yake yi. A da, gwaji da dace ake bi a zaɓi sinadari. A 1967 Charles Hansen ya gabatar a Denmak da wani tsarin lissafi da ke ba kowane sinadari da kowace folima lambobi uku, gwargwadon kusancin lambobin gwargwadon jituwarsu. Da wannan ake iya neman sinadarin da ya yi kusa da rini ƙwarai, ya kuma yi kusa da zare daidai gwargwado.

Sinadaran da aka fi gwadawa a kan foliyesta sun haɗa da DMF, mai tafasa a digiri 153, da daimetilsalfoksaid ko DMSO, mai tafasa a digiri 189, da etilin gilaikol, mai tafasa a digiri 197, da barasar benzil. Tsananin zafin da suke jurewa ya sa ana iya kai ƙyalle sama da digiri 100 ba tare da tukunya mai matsi ba. Akan tsoma ƙyallen, rini ya fita har sai abin da ke cikin zare da abin da ke cikin ruwan sun daidaita, sannan a sauya ruwan a maimaita. Kowane zagaye yana kwashe wani kaso na abin da ya saura, shi ya sa ragowar ƙarshe ta fi wuyar fita. Daga baya a tace sinadarin ta hanyar tururi a sake amfani da shi, rinin ya rage a gindin tukunya.

Na tsawon shekaru wannan aiki bai fita daga ɗakin bincike ba. Masanan masaƙa suna yin sa don su auna yawan rinin da zare ya sha. Masu binciken laifuka kuma, musamman a ɗakunan binciken gwamnatin Birtaniya a ƙarshen shekarun 1970, sun tsara yadda za a cire rini daga silin zare guda ɗaya da aka tsinta a jikin wanda aka kashe ko a kujerar mota. Akan sa silin a siririn bututun gilashi da ɗigon sinadari, firidin da ruwa ko kulorobenzin, a liƙe a ɗumama, sannan a rarrabe rinin da ya fito a ga ko launuka nawa aka gauraya. Riguna biyu da ido ke gani shuɗaye iri ɗaya suna iya kasancewa da gauraye daban, wannan kuwa shaida ce a kotu.

6.0 Matsalar Tsumma

Abin da ya fito da cire rini daga ɗakin bincike zuwa masana'anta shi ne yawan foliyesta. A farkon shekarun 2000 ya zarce auduga, ya zama zaren da aka fi yi a duniya. Ƙididdigar ƙungiyar Textile Exchange ta nuna cewa a 2023 an samar da zare kimanin tan miliyan 124, kashi 57 cikin ɗari foliyesta ne. Rahoton Gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 kuma ya ƙiyasta cewa abin da ake mayarwa sabuwar tufa daga tsohuwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Gaskiya ne tun 1993 kamfanin Patagonia na Amurka yake sayar da rigunan sanyi da aka yi da tsofaffin gorunan lemo, domin gorar roba da zaren foliyesta folima ɗaya ce. Amma kusan duk foliyestan da ake cewa an sake sarrafawa daga gora yake fitowa, saboda gora garai take, ba rini a cikinta. Tufa kuwa idan aka narkar da ita a zafin sama da digiri 250, launuka suna cakuɗewa su ba da toka-toka mai datti, wani rinin ya ƙone ya raunana folimar, zaren ya riƙa tsinkewa a wajen kaɗi. Rinin da nauyinsa bai wuce 'yan kashi kaɗan cikin ɗari na ƙyalle ba shi ke hana a amfana da sauran.

Kamfanin Teijin ya fara wani shiri a 2002 mai suna Eco Circle, inda ake karɓar tsofaffin tufafin foliyesta a raba su da rini, a warware sarƙar folimar zuwa ƙwayoyinta na asali, a tsarkake, a sake ƙulla ta sabuwa. Patagonia ya shiga shirin a 2005. Tun daga nan kamfanoni da dama a Japan da Turai da Amurka suka bi sahu. Wasu suna cire rini da sinadari su bar zaren yadda yake. Wasu suna narkar da foliyestan gaba ɗaya a sinadari su tace shi, su raba shi da audugar da aka saƙa tare da shi. Wasu kuma suna warware shi da etilin gilaikol ko metanol, sannan su kama rinin da gawayin tacewa.

Har yanzu akwai abubuwan da suka gagara. Ba kowane launi ne warwatsattsen rini ba. Zaren folifurofilin, da wani kaso na baƙin foliyesta, tun folimar tana narke ake zuba mata garin launi da ba ya narkewa, kamar baƙin kabon, wannan kuwa ba sinadarin da zai janyo shi. Tufa mai haɗin foliyesta da auduga rini biyu ke cikinta, na audugar kuma sau da yawa daga dangin Procion yake, wanda ICI ya fito da shi a 1956, mai ƙulla alaƙar dindindin da zaren, sai dai a kashe shi. Zaren sifandes mai talewa, wanda Joseph Shivers ya haɗa a DuPont a 1958, yana narkewa a wasu sinadaran ya ɓata ruwan. Daɗin daɗawa, sinadari mai zafi yana sa foliyesta ya tsuke ya sauya tsari, idan aka zo sake rina shi ba ya ɗaukar launi daidai.

7.0 Lafiyar Ma'aikaci da Dokoki

Kowane mataki na wannan tarihi ya bar lahaninsa. 'Yan dakon da aka yi amfani da su a shekarun 1950 da 1960 suna da wari da guba, an yi watsi da yawancinsu. Tsinka rinin azo yana iya sakin wasu sinadaran da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, abin da ya sa Jamus ta hana amfani da wasu daga cikin wannan dangi a 1994, Tarayyar Turai ta bi baya a 2002. DMF yana ratsa fata ya cutar da hanta, yana kuma yi wa ɗan tayi lahani. Tarayyar Turai ta tsananta sharuɗɗan aiki da shi daga watan Disamba na 2023. DMSO ba shi da guba sosai, amma yana ratsa fata cikin sauri ya tafi da duk abin da ya narkar. Saboda haka wannan aiki ne na rufaffiyar na'ura, mai yin sa a buɗaɗɗiyar tukunya a gida ko a kasuwa yana sayar da lafiyarsa ne.

Neman abin da ya fi sauƙin lahani ya kai masana ga iskar kabon dayokzaid. Idan aka ɗumama ta sama da digiri 31, aka matsa ta sama da ninki 73 na matsin iskar da muke shaƙa, tana shiga wani hali tsakanin iska da ruwa, ta narkar da warwatsattsen rini ta kuma ratsa foliyesta. Masana a garin Krefeld na Jamus sun fara rini da ita a ƙarshen shekarun 1980, kamfanin DyeCoo na Holan ya kai na'urar kasuwa a wajen 2010. Ana gwada juya aikin don cire rini, da yake idan aka sauke matsin iskar tana tashi ta bar rinin a bushe. Tsadar na'urar ita ce babban cikas.

8.0 Abin Da Ya Shafe Mu

Lokacin da Heinrich Barth ya ziyarci Kano a 1851 ya tarar rinannen ƙyallen birnin yana kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Ilimin da ya gina wannan kasuwa ilimin auduga ne da baba. Marinan Ƙofar Mata da na Kura sun san da hannunsu abin da aka bayyana a sama: yadin roba ba ya kama shuni a karofi, mai haɗi da auduga kuma yakan fito a dushe, domin audugar ce kaɗai ta sha. Masu rinin shadda na zamani kuwa haidurosalfait da kostik soda suke aiki da su kullum, sinadaran da aka ambata a sashe na 2.0 da na 4.0.

Alaƙa ta biyu ita ce gwanjo. Dilolin tufafin da Turai da Amurka da Asiya suka gaji da su suna sauka a kasuwar Kantamanto ta Ankara da Ƙofar Wambai ta Kano, wani kaso mai yawa na abin da ke ciki na roba ne. Abin da bai sayu ba yakan ƙare a juji ko magudanar ruwa ko wuta, ba ya ruɓewa kamar auduga. Daga 1 ga Janairu 2025 doka ta wajabta wa ƙasashen Tarayyar Turai tattara tsofaffin tufafi daban da sauran shara. Muddin raba rini da zare ya fi tsada a kan ɗaure dila a ɗora a jirgin ruwa, wani kaso na abin da aka tattara nan zai nufo.

9.0 Kammalawa

An ga yadda kashe launi da bilic da haidurosalfait ya wadatar a zamanin auduga da ulu, da yadda foliyesta ya rufe wannan ƙofa saboda ba ya shan ruwa. An ga kuma cewa da yake warwatsattsen rini narkewa yake yi a cikin zare, ana iya janyo shi da zafi da sinadarin da ya fi jituwa da shi, sai dai sinadarin yana da tsada da haɗari, kuma tufar zamani gauraye ce ta zare da rini iri-iri. Masanan 1923 da na 1949 sun amsa tambayar da aka yi musu, watau yadda rini zai shiga ya zauna. Ba wanda ya tambaye su yadda zai fita. Mafita mai ɗorewa tana hannun masu ƙera rini da masu saƙa, su yi tufar da za a iya warwarewa tun daga farko. A ɓangarenmu kuma akwai aikin da ya rage wa masu nazarin harshe: a tattara kalmomin da marinan Kano da Zariya da Damagaram ke amfani da su ga yadin roba da galura da sinadaran rini, domin a kansu ya kamata a gina kalmomin da za a koyar da wannan fanni da Hausa.